Fasinja a Tanderu Na Biyu

A masana'antarmu da ke bayan layin dogo a Kitwe, duk ƙarfen da ya shiga wuta ba da takarda ba, fasinja muke ce masa. Gatarin maƙwabci, wuƙar mahauci, addar wani dattijon coci. Mutum ya shigo da shi a cikin riga, ya cusa a gefen kwando lokacin da ake loda kayan kamfani, ya fito da taurinsa kamar sauran, mai shi ya kawo kaza ko ya kawo godiya. Shekara ashirin da tara na yi a gaban tanderu na biyu ban ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Ba don a yaba min nake faɗa ba. Ba a taɓa yabawa ba, kuma na daina jira tun gashina yana baƙi.

Akwai allo a jikin bango, kusa da agogo. An rubuta cewa duk wanda ya sa abin da ba na kamfani ba a wuta, ranar ce ranarsa ta ƙarshe a wurin. Ni na tsara kalmomin. Shekarun baya wani mai suna Siame ya cusa ƙarfe mai rufin tutiya a tanderuna ba da sanina ba, rufin ya narke ya ɓata kayan sati guda. Na kai ƙararsa, aka kore shi. Manajan wancan lokacin ya ce tunda ni ne mai yawo da littafi a aljihu, in rubuta dokar yadda ba wanda zai ce bai gane ba. Na rubuta ta kuwa. Ban bar mata ƙofa ko ɗaya ba.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ka loda ƙarfe a kwando, ka tura shi cikin tanderu, ka rufe ƙofa. Zafi ya kai digiri ɗari takwas da hamsin, ka bar shi a nan har ya ratsa cikin ƙarfen. Sai ka jawo kwandon ka tsoma shi cikin tankin mai tun yana ja. A nan yake samun tauri. Daga nan a kai shi ƙaramin tanderu na awa biyu don a rage masa zafin rai, in ba haka ba zai fashe kamar tangaran. A gefen kowane tanderu akwai takarda mai zagaye tana juyawa a hankali, da alƙalami yana zana jan layi, shi ne shaidar zafin da aka ba kaya. Ƙa'ida ɗaya ce ta fi sauran: in ka rufe ƙofa, ba ka buɗewa sai ƙararrawa ta buga.

Matata Belita tana da fartanya. Wani maƙeri a unguwar Chamboli ne ya ƙera mata, da ita take noma ɗan lambunta a bakin rafi, dankali da kabewa da ganyen miya. Fartanyar tana da laushi. Da ta ci karo da dutse sai bakinta ya naɗe. Kowace yamma, in ta dawo, sai Belita ta zauna a bakin ƙofa ta ɗora ta kan wani faffaɗan dutse tana buga ta da wani, tana miƙar da bakin. Ni kuma ina ciki da littafina, ina jin ƙarar tana shiga tsakanin layi da layi.

"Baban Mwila," takan ce, "kai da kake gasa ƙarfen da ke ɗaga duwatsu a ƙarƙashin ƙasa, wannan 'yar abar ce ta gagare ka?"

"Tanderu ba motar haya ba ce."

"Kowa a wurinku yana yi."

"Shi ya sa kowa yake kowa. Kuma ƙarfen banza ne, gwangwani ne, ko an gasa ba zai ji ba. Bari in saya miki sabuwa."

"Wannan ta san hannuna."

Sau ɗaya take tambaya a shekara, da farkon damina. Ta yi shekara goma sha ɗaya tana tambaya. Ban taɓa ɗaukar fartanyar na duba ba. Bara, da ruwa ya fara ja da baya, ciwo ya kwantar da ita sati uku, ta rasu.

Da shekara ta zagayo, danginta suka aiko daga Mporokoso cewa za su zo ranar Asabar su sake ni daga takaba kamar yadda ake yi a al'adarmu, su shafa min farin gari a goshi, su kwashe abin da ya rage na kayanta. Ƙanwarta Mwaba ta kira ni a waya ta ce ita ba ta son zani ko tukunya, fartanyar Yayarta kawai take so. Na ce to. Na fita na ɗauko ta a bayan ƙofa. Bakinta a naɗe yake, yadda ta bar shi ranar ƙarshe da ta je lambu.

Ranar Alhamis na cire ƙarfen daga ƙota, na naɗe shi a jarida, na shiga da shi cikin rigar aiki. Kafin a fara lodi na je wurin dutsen wasa ƙarfe na ɗan taɓa gefensa. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan yana karanta tartsatsi. Ƙarfen banza dogayen layuka yake fitarwa, su mutu shiru. Wannan kuwa ya watso taurari masu rassa, suna fashewa kan juna. Sifirin mota ne maƙerin ya buga, ƙarfe mai kyau, bai dai iya ba shi ruwa ya yi tauri ba ne. Gwajin bai kai ƙiftawar ido biyar ba. Na tsaya a wurin ina riƙe da shi, dutsen yana ta juyawa, har wani ya tambaye ni ko na gama.

Kayan ranar ƙusoshi arba'in ne na wata mahaƙar ma'adinai, kowace kaurin wuyan hannuna, irin waɗanda ke haɗa sarƙar ɗaga kaya a cikin rami. Na jera su a kwando. Na tsaya, hannuna a kan ƙirji inda jaridar take. Na kalli allon bango. Na tura kwandon, na rufe ƙofa, fartanya tana jikina.

Awa ɗaya da rabi ake ba irin waɗannan. Na zauna a kan bencina ina kallon alƙalami yana jan layinsa. Na buɗe littafi na rufe. Ana ruwa a waje, an bar babbar ƙofar rumfa a buɗe, iska mai sanyi tana shigowa. Saura minti goma a buga ƙararrawa, mai ƙugiyar ɗaga kwando ya tafi shan shayi, na ga ba kowa. Na ce a raina ƙarfen fartanya siriri ne, minti biyar ya ishe shi. Na tashi na ɗauki awartaki na buɗe ƙofa.

Ban taɓa yi ba, don haka ban iya ba. Fartanyar ta maƙale a leɓen kwando. Na ja, na tura, ta zame ta faɗa tsakanin kwando da bango, na yi ta lalube da awartaki zafi yana cin fuskata. Kafin in daidaita ta, na ga ƙusoshin layin gaba sun sauya launi, daga ruwan lemo mai haske sun koma ja mai duhu. Na gani da idona. Na rufe ƙofa.

Da na ƙara musu rabin awa, da ba abin da zai faru. Amma ƙarin lokaci sai an rubuta dalili. Ƙararrawa ta buga, mai ƙugiya ya dawo yana goge baki, na ɗaga masa hannu. Kwando ya shiga mai, wuta ta tashi ta kwanta. Da kayan suka fito daga ƙaramin tanderu, na zare fartanyar na ɓoye ta bayan tanki. Aka wanke ƙusoshin, aka zube su a baro ɗaya, na gaba da na baya suka cakuɗe, aka tura su ɗakin gwaji aka kulle.

Da ƙarfe biyu na rana Zimba ya zo karɓar aiki. Mutumin Chipata ne, abokin wasana, mun fara aiki sati ɗaya da shi. Kakanninsa da nawa sun yi yaƙi sun gaji, suka bar mana zagi. Shi ne sarkin fasinja a masana'antar, rabin gaturan unguwar Buchi ta hannunsa suka bi. Ya ajiye kwanon abincinsa, ya leƙa takardar tanderu kamar yadda mai karɓar aiki ke yi. A jan layin akwai wani ɗan lotsawa, bai fi cizon farce ba, don ma'aunin zafin a can baya yake, bai ji rabin abin da ya faru a gaba ba.

"Maci biri," ya ce, "wa ya ciji takardarka?"

"Lantarki ne ya ɗan ɗauke."

Ya je ya duba takardar tanderu na ɗaya. Ya duba ta na uku. Ya dawo a hankali.

"Ya bar na ɗaya, ya bar na uku, ya zo ya ɗauke a naka. Lallai lantarkin nan ya san ka." Ya shaƙi iska, ya zagaya bayan tanki, wurin da shi kansa yake ɓoye nasa. Ya fito da fartanyar a hannu. Ya kalle ta, ya kalle ni, sai ya zauna a kan bencina yana dariya har da tari.

"Tun ina yaro ake gaya min ku Babemba ɓarayi ne. Ashe ni aka haɗa da guda ɗayan da bai iya ba."

"Rage murya, maci ɓera."

"A tsakiyar gashi ka buɗe? Kai, Nkole. Fasinja tun a tasha yake hawa, kafin a rufe ƙofa. Wannan ko mai shara ya sani. Duk littattafan nan ba wanda ya faɗa maka?"

"Ba a rubuta littafi a kan sata irin taku."

"Da ka tambaye ni, da na rubuta maka." Ya juya fartanyar, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta yi ƙara siririya. Dariyar ta tsaya. Ya san ta wace ce. Ya naɗe ta a jaridar ya miƙo min da hannu biyu.

"Minti nawa ƙofar ta yi a buɗe?"

"Uku."

"Faɗi gaskiya, ba a coci muke ba."

"Huɗu. Wataƙila biyar."

"Na gaba sun yi duhu?"

"Sun yi."

Ya shafa kansa. "Suna ina?"

"Ɗakin Namukolo. A kulle."

"To saurara. Yarinyar nan guda uku take ɗauka ta gwada, cikin arba'in. Motar mahaƙa gobe da azahar za ta zo. Kuma ƙusar nan an yi ta ne ta ɗauki ninki biyar na abin da za a rataya mata. Ko ta yi laushi kaɗan ba karyewa za ta yi ba. Wata biyar ya rage maka ka tafi da sunanka fes, a yi maka biki, a ba ka agogon bango. Ka je gida ka ci tuwo."

"In kuma ta ɗauki mai laushi?"

"Sai ka ce lantarki, ni in ce na gani. Wa zai yarda cewa kai ka ɗauki fasinja? Ni kaina da nake riƙe da shi ban yarda ba."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na karanta labaran mutane da yawa da suka tsaya a irin wannan wuri, kuma masu rubutu suna son hana su barci. Ni na tuƙa nshima, tuwonmu na masara, na ci da 'yan busassun kifin kapenta, na kwanta na yi barcina. Ba zan yi ƙaryar cewa fuskokin masu haƙa sun zo min ba. Ban san su ba.

Da safe ne, ina ɗaure takalmi a bakin ƙofa, idona ya sauka kan dutsen Belita. Na zauna ina tunanin yadda ƙarfe mai laushi yake yi. Ba ya karyewa rana ɗaya a ji ƙara a zo a yi bincike. Lanƙwashewa yake yi kaɗan kaɗan, yana cinyewa, wani yana can yana fama da shi kullum bai san dalili ba, har ranar da zai saki. Na ce wa matata ƙarfen banza ne ban duba ba. Yanzu kuma ana so in ce wa ƙusoshin nan lafiya lau ban duba ba. Magana ɗaya ce, baki ɗaya ne. Na gaji da jin ta.

Namukolo ce mai gwajin kaya. 'Yar Mongu ce, ta yi karatun ƙarfe a jami'a, shekararta huɗu a wurinmu. Na same ta tana shan shayi, takardar ƙusoshin a gabanta, ta riga ta sa hannu. Na warware jaridar na ajiye fartanyar a kan teburinta.

"Ba Nkole," ta ce, da "Ba" ɗin da ake girmama manya da shi a nan, "ina kwana. Wannan fa?"

"Gwada min ita."

Ta kalle ni, ta ɗauka. Ta goge gefe ɗaya, ta sa a ƙarƙashin na'urar da ke danna tsini cikin ƙarfe ta auna taurinsa. Allura ta juya ta tsaya.

"Ta yi daidai. Ko a littafi haka ake so. Wa ya gasa?"

"Ni. Jiya. Tare da waɗancan." Na nuna baron. "Saura minti goma na buɗe ƙofa na sa ta. Na gaba sun huce. Ban ƙara lokaci ba."

Ta ajiye kofin. Ta jawo takardar tanderu daga cikin fayil, ta ɗora yatsa kan lotsawar ba tare da ta nema ba.

"Na ga wannan jiya," ta ce. "Ku ne kuka koya min karanta takardar nan, satin da na zo. Na gan shi, na ce ai tanderun Ba Nkole ne. Na gwada uku na sa hannu."

Ban yi tsammanin wannan ba. Na daɗe ina ɗauka sunana wani abu ne da na tara don kaina. Ashe ya zama abin da ke hana mutane dubawa.

Ta yaga takardar da ta sa wa hannu, ta jawo baron. Muka yi awa biyu, ni ina gogewa ina miƙa mata, ita tana dannawa tana sa alli. Talatin da uku suka wuce. Bakwai suka tsaya a gefe, wasu laushin a kai ɗaya kawai, ɓangaren da ya fuskanci ƙofa.

"Zan iya rubuta cewa ƙofar ce ba ta rufu da kyau ba," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Tsohuwa ce, kowa ya sani."

"Sai a zo a gyara ƙofar da ba abin da ya same ta."

"Ba Nkole, kun san abin da ke jikin allon nan."

"Na san wanda ya rubuta. Mutum ne mai wuyar sha'ani, ba ya jin roƙo. Rubuta abin da ya faru, 'yata."

Manajan yanzu yaro ne a kaina, ba mugu ba ne. Ya sa aka mayar da motar mahaƙa ba kaya, ya ba da umarni a sake gasa arba'in ɗin gaba ɗaya. Sannan ya fito da ni gaban allon ya karanta shi sau biyu, leɓensa yana motsi, yana neman inda zai raɓa.

"Wane ne ya rubuta abu haka, ko 'sai dai idan' babu?"

Mai ƙugiya ya duƙar da kai yana kallon takalminsa.

A ofis ya ce in ya bar ni, gobe ba zai iya hana kowa ba, kuma akwai waɗanda ba su manta da Siame ba. Na ce ni ma ban manta ba. Ya ce abin da zai iya yi shi ne in rubuta takardar ajiye aiki da hannuna, kada a kira ta kora. Na rubuta a tsaye, layi uku. Fartanyar kuwa ya ce ta zama shaida, ya ɗaura mata takarda da zare, ya sa a kabad ya kulle. Na ce gobe masu ita za su zo daga Mporokoso. Ya ce ya yi haƙuri da ni iyakar yadda zai iya. Na cire rigar aiki na rataye a ƙusarta. Ban jira Zimba ba.

Ranar Asabar suka iso da hantsi, kawun Belita da mata uku, Mwaba a cikinsu. 'Yata Mwila ta zo daga Lusaka ta yi girki. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka zaunar da ni. Kawu ya yi magana mai tsawo, ya ce na riƙe 'yarsu da mutunci, ba su da ƙorafi. Na saurara kamar ana maganar wani. Aka fito da zannuwa da tukwane da keken ɗinki. Mwaba tana ta kallon bayan ƙofa.

"Baban Mwila, fartanyar fa?"

Na buɗe baki zan fara bayani, sai ga Zimba ya turo ƙyaure da ƙafa. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, fartanya a kafaɗa, an sa mata sabuwar ƙota, takardar manaja tana lilo a jikinta.

"Ina ɓarayin Mporokoso? An ce min yau za a saki wannan tsohon biri ya koma daji."

Matan suka fashe da dariya, suka hau zaginsa, suna tambayarsa ko ya kawo musu ɓeran da zai yi wa baƙi miya. Ranar makoki da ranar sakin takaba abokin wasa ba ya laifi. Ya ɗauki abin da ya ga dama, ya faɗi abin da ya ga dama. Kafin kawu ya kai hannu ga kwanon garin, Zimba ya ɗebi cikin tafi biyu ya juye min a ka, ya shafe min fuska har cikin kunne. Kawu ya jira ya gama, sannan ya ɗora nasa ɗan kaɗan a goshina, ya ce sun sake ni, ba abin da ke tsakanina da 'yarsu sai alheri.

Da aka zauna cin abinci Zimba ya zo ya zauna kusa da ni.

"Yaya ka fito da ita?"

"Kabad ɗin nan ni na gasa makullinsa. Kada ka tambayi abin da ya fi ƙarfin karatunka." Ya gutsuri tuwo. "An sake gasa ƙusoshinka jiya da yamma. Duk sun wuce. Ni na yi, ko fasinja ɗaya ban sa ba, don girmama mamaci."

"Wane mamaci?"

"Kai mana."

Muka ci gaba da ci. Can ya ce, yana kallon kwano, "Na taɓa zuwa nan ba ka nan, shekara shida ko bakwai ke nan. Na same ta tana bugun abar nan a kan dutse. Na ce, Maman Mwila, ba ni ita, jibi in kawo miki tana yanka dutse. Ta ce a'a."

"Don me?"

"Ta ce mijinta ne mai tanderu na biyu. In za a gasa, shi zai gasa." Ya suɗe yatsa. "Na ce mata to za ki daɗe. Ta ce ta sani."

Na sunkuyar da kai ina gutsurar tuwo. Garin da ke fuskata ya taimaka, ya ɓoye ta.

Da la'asar Mwaba ta ce in raka ta ta ga lambun. Ciyawa ta kai gwiwa, kabewa ta fita da kanta ta hau kan komai. Ta tsinke takardar manaja ta yar, ta tofa yawu a tafi, ta sara sau uku. A na huɗu fartanyar ta samu dutse, ta yi ƙara kamar ƙararrawa. Mwaba ta ɗago ta ta shafa bakin da babban yatsa. Ko alama babu.

"Ba haka na san ta ba," ta ce.

"An gyara ta."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

Ta kalle ni, kallon da Yayarta take yi in na faɗi abin da bai cancanci amsa ba. Ta juya ta kalli ciyawar.

"Mwila ta ce ka bar aiki. Ran Litinin ina za ka?"

"Ba ko'ina."

Ta jingina fartanyar a jikin bishiyar gwaiba. "Zan karɓa baɗi. Kada in zo in samu wurin nan haka."

Ran Litinin na fita da sassafe, lokacin da na saba. Ban iya noma ba. Kafin rana ta ɗaga tafina ya yi bororo biyu, bayana ya riƙe, wata tsohuwa a lambun gefe ta tsaya tana kallona ba ta ko ɓoye dariyarta. Duwatsu sun fi yadda na zata yawa a ƙasar nan. Kowane sara na uku sai na samu ɗaya. Na gyara kunya biyu da rabi na dawo.

Da yamma na zauna a bakin ƙofa na duba bakin fartanyar. Ba abin da za a miƙar. Dutsen yana nan inda yake, tsakiyarsa ta lotsa ta yi sulɓi kamar cikin cokali. Mwila ta ce in kawar da shi kada in yi tuntuɓe. Na ce zan kawar. Na shiga na ɗauko littafi na karanta shafi goma sha biyu a jere, ba abin da ya katse ni.